Ranar da Ayarin Albasa Ya Shigo Ba Oda

Yanzu ba wanda ke sauraron hanya. Kwanan baya na gane haka, da na je wa ɗiyata kwana biyu, wadda mijinta ke jan tirela zuwa Kudu. Tana tuƙa tuwo, waya na maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa, tana tambayarsa inda ya kawo. Ya ce ya baro Koko. Kafin ta kwashe ya sake kira, wai ga shi a Maiyama, a ɗora masa ruwan wanka. Ban ga ta ɗaga kai ta kasa kunne ga titi ko sau ɗaya ba. Ban ga laifinta ba, hasali ma murna na yi mata, don na san irin zaman da aka hutar da ita. Amma ni da ke gefe kan tabarma sai na kama kaina ina rarrabe ƙarar motocin da ke wucewa, kamar yadda nake yi tun ina yarinya, alhali babu wadda na sani a cikinsu. Duk muryarsu ɗaya yanzu.

A da ba haka ba ne. Gidanmu a Jega yana kusa da hanyar da ta gangara zuwa gada, kuma duk motar da ta fito daga Kudu sai ta taka gadar kafin ta hawo gari. Akwai wani wuri a tsakiyarta inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, kowace taya ta bi ta kansa sai ka ji dum. Ni yarinya ce marar magana. A makaranta in malama ta nuna ni sai harshena ya yi nauyi, ko da amsar na bakina, har ta gaji ta nuna wata. A gida kuwa wurina shi ne bayan ɗakin girki, gindin katanga, inda nake tsintar shinkafa ko yanka ganyen albasar da za a daka a yi gabu. Babu mai zuwa wurin sai kaji. Daga nan ake jin gada sarai, da kiran sallar masallatai uku da ba su taɓa farawa tare ba, da taɓaren unguwa, wanda kowace mace da irin saukar hannunta.

Shekarun da aka ba mu jiharmu ke nan, ana ta goge tsofaffin alluna ana rubuta sabon suna, masu fenti kakarsu ta yanke saƙa. Har Baba sai da ya sa aka rubuta sunan a goshin motarsa, duk da cewa sabon fentin ƙara tona tsufanta ya yi. Gingimari ce mai bodin katako, koriya, ta tsufa tun kafin a haife ni. In za ta canja giya a hawa sai ta yi tari sau biyu, ta yi tsit kamar ta mutu, sannan ta ja numfashi ta ci gaba. Kaka, mahaifiyar Baba, takan ce ita da motar nan tare za su tafi, kada wanda ya yi wa ɗaya gori.

Da zarar an fara cire albasa a Aliero, gidanmu ya shiga warinta ke nan sai damina. Tana cikin rigunan Baba, tana cikin matashinsa, tana cikin kitsonmu, har 'yan ajinmu kan toshe hanci da wasa su ce ga 'yan miya sun iso. Direbobi ba sa tafiya ɗai-ɗai, saboda dajin da ke can gaba inda 'yan fashi kan tare hanya. Sukan yi lodi a Aliero, su taru a Jega, su tashi a jere, su dawo a jere da goro da manja da katako. Ayari ake ce masu, kamar na fataken da, shugabansu kuma wani dattijo ne mai jan gemu da kowa ke kira Madugu, har na girma ban ji sunansa na yanka ba. Dokarsu ko yara sun san ta. In mota ta lalace, a taru a gyara. In kuwa an ji bindiga, ba mai tsayawa, kowa ya taka mota ya wuce, sai an kai gari a duba wanda ya rage. Sai al'adarsu ta dawowa: in sun hau gada lafiya, kowa ya danna oda, kuma kowane direba da kukan tasa. Ta Madugu doguwa ce mai kauri. Ta Baba gajeru ce a jere sannan doguwa, kamar zakaran da ya shaƙe. Mace na jin ta gidansu sai ta ɗora ruwa. In ayari ya shigo shiru, to an bar wani a hanya. Wannan ji kawai nake yi, ban taɓa gani ba.

Kawu, ƙanen Inna, mai gyaran rediyo ne a kasuwa, ɗakinsa na kusa da zaurenmu, kuma shi ya fara kawo bidiyo unguwar. Wata rana ya shigo da kwali a ka, cike da kaset, ya ce a gwanjo ya saya daga kayan wani baƙon malami da ya koma ƙasarsu, kuma duk fina-finan Indiya ne. Mata suka gama aiki da wuri. Bayan la'asar aka toshe taga da bargo, aka cika ɗakin har bakin ƙofa. Sai ga ruwa. Ruwa baƙi da fari, ba rawa ba waƙa, ba mace ko ɗaya, sai Turawa cikin manyan riguna suna leƙen ruwa da madubin hangen nesa. Aka cire aka sa wani, ruwa. Aka sa wani, ruwan dai.

"Kai dai an cuce ka," in ji Inna, tana miƙewa. "Ka kwashe kuɗinka ka sayo muna gulbi."

"Yaya, ki dakata mana, gaba za a yi rawar."

"In sun fara ka aiko a kira ni."

Kaka kuwa ta matsa kusa, ta ƙura wa talabijin ido. "Wanga gulbi ba shi da gaɓa?"

"Teku ne, Iya. Sai a yi wata ana tahiya ba a ga ƙasa ba."

"To ina suka wanki?"

Mata suka watse, yara suka bi su bayan 'yan kwanaki, aka bar mu mu uku: Kawu, don kuɗinsa ne, Kaka, don ta sami wanda za ta zaga, da ni a kusurwa, bayan buhun gero. Turancin Kawu bai wuce wanda ke rubuce a bayan rediyo ba, amma bai taɓa barin wata magana ta wuce bai fassara ta ba. In Bature ya yi dogon jawabi sai ya ce, "Yac ce a kawo shayi." Sau da yawa kuma sai ga shayin an kawo. Shi ya fahimtar da mu yadda abin yake. Manyan jiragen nan masu nauyin tafiya na kaya ne, su ne gingimari. Ƙananan masu bindiga da ke zagaya su kamar karen makiyayi, su ne 'yan rakiya. Abokin gaba kuwa jirgi ne da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa, ba a ganinsa, sai dai ya ɗago ido ɗaya a kan sanda ya leƙa, ya saki wani dogon harsashi da ke gudu kamar kifi yana barin farin layi. Kaka ta sa masa suna kada. In 'yan rakiya sun gano inda yake sai su mirgina duro-duro cikin ruwa, a yi shiru, sannan ruwa ya tashi sama kamar bishiyar kuka. Kaka ta yi guɗa, ko an samu kadan ko ba a samu ba.

Ni ba duron nake jira ba. A kowane fim akwai wani mutum da ke zaune a ɗan ƙaramin ɗaki can cikin jirgi, da wani abu a kunnuwansa, yana sauraron ƙarƙashin ruwa. Akan ji wata ƙara, kin, a jima, kin, kamar ana taɓa tasa da cokali. Ba ya harbi, ba ya ihu, wani lokaci ma idonsa a rufe. Amma kyaftin, da duk girmansa, shi yake jira. In ya buɗe baki ya faɗi kalma ɗaya, sai jirgin duka ya juya. Ban taɓa ganin mutumin da shirunsa ya zama aiki ba sai shi. Kawu ya lura da yadda nake miƙo wuya in an nuno shi. "Ga ɗan'uwanki can, Mai-kunne," in ji shi, sunan kuwa ya bi ni har gidan miji. A ƙasan kwalin akwai wasu littattafai da bangonsu ya yage, su ma labarin jiragen ne. Na ɗauki ɗaya na ɓoye ƙarƙashin tabarmata, ina bin sa da yatsa, in gane kalma ɗaya in tsallake layi, ina neman inda za a ambaci mai sauraron nan.

Sau ɗaya Baba ya zauna kallo da mu, ana gobe za su yi lodi. Ya jingina da ƙofa yana ɓare goro. A ranar aka nuno kada ya sami wani jirgin kaya, wuta ta kama, mutane suka zuba cikin ruwa, wasu suka kama wani katako suna ɗaga hannu. Jirgin rakiya ya matso har ana ganin fuskokinsu. Kyaftin ya dube su, ya daɗe yana dubansu, sannan ya juya ya yi magana, jirgin ya wuce. Wannan karon Kawu bai ce shayi ba.

"Allah wadaranka!" Kaka ta daka wa talabijin tsawa. "Ɗiyan mutane cikin ruwa, kana kallo? Mugu, mai hancin gatari!"

"Iya, mutumin ga ya yi daidai," in ji Baba a hankali. "Kadan shina nan ƙasa shina jira. In yat tsaya don waɗanga, a rasa su a rasa shi, a rasa na baya. Mu ma dokarmu ke nan."

"Ko kai ne cikin ruwan?"

"Ko ni ne. In kun ji an bar ni, kada ku ga laihin kowa."

"Tofar da yawun bakinka," in ji Kaka. Ya yi dariya ya tofar da goro. Ni ban yi dariya ba. Hannuwansa nake kallo, da baƙin man da ba ya fita daga farcensa. Washegari suka tashi. Na ji tarin motar a hawan da ke bayan gada, har ya ɓace.

Ranar da suka dawo ana zafin bazara, da hantsi, babu makaranta. Ina gindin katanga ina yanka ganyen albasa, Inna na daka. Na ji dum a gada, na gane injin Madugu, na saki wuƙa ina jiran oda. Ba a danna ba. Ta biyu ta hau, ita ma shiru. Inna ta tsaya da taɓarya a sama. Sai na ji taɓaren unguwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har babu ko guda. Motoci suka yi ta shigowa, ina gane su da murya, ina cewa a raina ta gaba ce za ta yi tari. Ta ƙarshe ta wuce. Gada ta yi shiru.

Madugu da kansa ya zo, ya cire takalmi a bakin zaure. Kaka ta fita gare shi, ni kuma na laɓe bayan ƙofa. Ya ce a dajin da ke bayan Kontagora aka buɗe masu wuta, dab da magariba. Kowa ya taka mota. Da suka kai Yauri suka duba, babu mota biyu: ta Baba, da ta wani saurayi ɗan ƙauyen Giwa Tazo na kusa da Maiyama, da aka ba tuƙi a shekarar, wanda shi ne na ƙarshe a jere, Baba na gabansa. Da gari ya waye suka koma da 'yan banga. Babu motocin, babu mutanen, sai fasasshen gilashi da baƙin mai a kan kwalta. Madugu ya sa hannu a aljihu ya fito da hula, ya ce a wurin suka tsince ta. Ni na wanke hular nan na kifa ta a kan tulu ta bushe, ana jibi za su tafi.

"Kun tsaya?" Kaka ta tambaye shi.

"Iya, kin san doka."

"Na san ta. Shi ma ya san ta."

Ta karɓi hular. Ba ta zage shi ba kamar yadda take zagin kyaftin, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Kwanakin da suka biyo ba na iya jera su. Kawu ya lulluɓe talabijin da zane, ya rufe shagonsa, kullum yana tasha yana tare duk motar da ta fito daga Kudu. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Kowace yamma sai ta zuba tuwon Baba a kwanonsa ta rufe, da safe ta ɗumama ta raba mana, mu ci ba mai kallon wani. Ta hana ni fashin makaranta. Na roƙi wata ta bar mani wurinta kusa da taga, malama na rubutu a allo, ni ina can gada. In na rufe ido sai in ga katakon nan a kan ruwa, da hannuwan da ke ɗage, ɗaya da baƙin mai a farce. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne haushin Baba nake ji. Gani nake shi ya ba su izini da bakinsa. Mutane suka fara zuwa jaje. Da farko Kaka ta hana a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ta ce ɗanta tafiya ya yi, duk mai son zama ya zauna a ƙasa. Amma masu zuwa suka yi yawa, har daga Aliero, dattawan da ba a barin su tsaye. Wata safiya ta dubi Kawu ta ce, "Shimfiɗa musu." Ta shiga ɗaki da hular.

A ranar, bayan azahar, tsakar gida ta cika da mata. Ana ta cewa Allah ya bayyana shi, amma da irin muryar da ake cewa Allah ya jiƙansa. Aka ba ni shinkafar baƙi in tsince, na tafi wurina. Ina cikin tsinta sai na ji wani abu can nesa, ƙasa-ƙasa, har na ɗauka cikina ne. Na ajiye hannu. Inji ne, yana tafe a hankali fiye da kowace mota, yana nishi kamar jakin da aka yi wa lodin biyu. Ya hau gada. Dum, dum. Na jira ya wuce, sai na sake jin dum, dum, da wani ƙarfe yana kaɗawa tsakani. Tayoyin mota biyu ne, amma inji ɗaya. Babu oda. Na riƙe numfashi har ya kama hawa. Ya yi tari. Ya sake yi. Ya yi tsit.

Ban san lokacin da faifan ya kife ba, sai kaji na gani a kan shinkafa. Na zagayo na tsaya a tsakiyar mata, ni da ko gaisuwa sai an matsa mani. Idanu suka yo kaina. Harshena ya yi nauyin da ya saba, amma na ɗaga shi.

"Baba ne."

"Wayyo, yarinyar ga," in ji wata maƙwabciya, tana jawo hannuna. "Zo ki zauna nan, ɗiyata. Ba a yi oda ba."

"Ya taka gada. Inji guda, mota biyu. Shina jan wata."

"Rana ce ta buge ta, ku ba ta ruwa."

Sai ga Kaka a bakin ɗakinta. "Ku yi muna shiru! Mai-kunne ta yi magana."

Aka yi shiru, irin wanda ban taɓa ji a gidanmu ba. Mata suka karkata kai, ba su san abin da za su saurara ba. Inna ni kawai take kallo. Can sai ga shi kusa, a kwanar da ke shigowa unguwa, inda dole a sake giya: tari, tari, tsit, sannan dogon numfashi. Inna ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da gefen zane, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko kuka ne ko dariya. Da ta ɗago abin da ta ce shi ne, "A ɗora ruwa."

Kaka ta riga kowa fita, ba takalmi. Na bi ta. Maza sun miƙe daga kan tabarmi, wasu da carbi a hannu, baki buɗe. Ga koriyar gingimari tana rarrafowa, da wata a bayanta ɗaure da sarƙa, gilashinta a fashe. Saurayin na riƙe da sitiyarin ta bayan, a gefensa wata mace ta rungume ƙwarya. Baba ya sauko da ƙyar, ya rame, ya ɗaure kai da tsumman goge inji. Ya dubi tabarmi, ya dubi jama'a, sai fuskarsa ta canja.

"Innalillahi. Lahiya? Wa ya rasu?"

"Kai!" in ji Kawu, hawaye na zuba yana dariya. "Kai ne, Yaya. Zo ka zauna ka amshi gaisuwa, tun safe ake jiranka."

Kaka ta matso kusa da Baba. Ta fizge tsumman, ta kafa masa hularsa, ta dangware shi a ƙeya kamar ƙaramin yaro, a gaban Madugu da kowa.

A kan tabarmin jajen Baba ya ba da labari. Ya riga ya wuce, ya hango a madubi motar yaron ta tsaya tana tururi. Ya sha kwana, ya laɓe har harbi ya lafa, sannan ya juyo. Ɓarayin sun kwashe abin da za su kwasa sun shiga daji, yaron na kwance cikin ciyawa, ba abin da ya same shi sai tsoro. Harsashi ya fasa lagireto, ma'ajin ruwan inji, ya yanke tiyon birki. Baba ya ji tsoron su dawo, ya ɗaura sarƙa ya ja motar ya bar kwalta, ya bi wata hanyar burji da ya sani tun yana yaron mota. Ba a jan mota ba birki, don haka ya cire tiyon iskar odarsa ya sa mata. A wani ƙauye sifirin tasa motar, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin bodi, ya karye, suka zauna har maƙeri ya haɗa shi. Sun ba wani ɗan kasuwa saƙo, saƙon da har yau bai iso ba. Da suka fito kwalta kusa da Maiyama, uwar yaron, wadda ke sayar da fura a bakin hanya, ta hango ɗanta, ta hau motar da ƙwaryarta ta ce ba mai sauke ta. Ita ce ta dama wa masu jaje fura a ranar, ta ƙi karɓar ko sisi. Shinkafar kuwa kaji sun gama da ita, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Washegari da hantsi Inna ta aike ni in kai masa ruwa. Yana ƙarƙashin motar yana mayar da tiyo. Na ajiye moɗa, na ƙi tafiya. Ban taɓa yi masa tambaya ba tunda nake.

"Baba, kai kac ce ba a tsayawa."

Ya turo kai waje ya dube ni. Ya sha ruwa, ya goge baki.

"Awo, na ce. Har gobe doka na nan, kuma Madugu bai yi laihi ba."

"To kai mi ya sa?"

Ya daɗe yana juya sifana a hannu. "Mutumin jirgin can bai san uwayensu ba," in ji shi. "Ni kuwa ba ni da wata hanya sai ta Maiyama. Duk tahiya sai uwar yaron ga ta miƙo mani fura. In ta ce ina yarona, in ce mata mi?"

Ya koma ƙarƙashin mota. Daga can na ji muryarsa: "Ke kuma, ba oda, yaya kika gane ni?"

"Tarin."

Ya yi dariya har sifana ta faɗi. Bayan haka wani bakanike ya sha yi masa tayin gyara tarin nan, ya ce aikin rabin yini ne. Baba ya ce a bar mata kayanta, akwai mai jiransa a gida.

Kaka da motar kuwa shekara guda suka tafi, kamar yadda ta faɗa. Kaset ɗin Kawu zafi ya cinye su, an sake gadar, wurin nan mai cewa dum babu shi. Ayari ya watse, kowa da wayarsa. Ba na cewa a dawo da wancan zamani, wanda ya zauna gindin katanga irin zaman da na yi ba zai ce haka ba. Amma a gidan ɗiyata, da na ji mijinta ya kashe inji a waje ya yi sallama, sai na ji na saki wani numfashi da ban san na riƙe ba. Na ce mata a ɗora ruwa.

"Inna, ai ya daɗe da tafasa," in ji ta.